Hutu a Jirgin Ruwa da Yini Guda a Birnin Istanbul

   

Yau dai za mu ajiye zancen tukunya da na reno, mu yi nisan kiwo, har bakin teku. Akwai wani irin hutu da mutanen Turai da Amurka suka daɗe suna yi, yanzu Larabawa sun shigo cikinsa, har masu shirya wa mutane tafiye-tafiye a nan gida sun fara tallarsa. Mutum ne zai biya kuɗi ya shiga ƙaton jirgin ruwa ya yi mako guda ko kwana goma a ciki. Da dare jirgi na tafiya, gari na wayewa sai ya tsaya a wani birni na bakin teku, a sauka a yi yawon buɗe ido, kafin magariba a koma ciki, a tashi sai birni na gaba. Na san wata za ta ce, mu da ko zaure ba ma leƙawa sai da dalili, ina ruwanmu da jirgin ruwa? Da ruwanki, uwargida. Wata ran maigida ne zai shigo da takardar talla ya ce a shirya. Wata kuma ɗanta ne da ke aiki a waje zai ce zai kai ta ta huta. Wadda ta san yadda abin yake, ita ce za ta ce e ko a'a da hujja. Wadda kuma ba za ta je ba, ai kunne ma yana da nasa rabon.

Kakanninmu da suka yi aikin hajji ta ƙasa sun san jirgin ruwa. Idan sun kai gaɓar Bahar Maliya a Sudan, a Sawakin ko Fot Sudan, shi ne ke ƙetarar da su zuwa Jidda. To wancan jirgin fito ne, a shiga a matse a yi haƙuri a sauka. Wannan da nake faɗa muku kuwa shi kansa ne masaukin. Akwai wani mai suna Icon of the Seas da ya fara ɗaukar fasinja daga birnin Miami na Amurka a watan Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20 gare shi, idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Unguwa guda ke nan a kan ruwa. Waɗanda ke yawo a Bahar Rum yawancinsu ba su kai shi girma ba, amma ɗaukar mutum dubu uku ko huɗu ba wani abu ba ne a wurinsu. A ciki akwai ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna, da wurin wasan yara, da ƙaramin asibiti. Ruwan wanka da na sha, yawancinsa daga tekun ake ɗiba, inji ya cire gishirin.

Ɗakunan ba su da girma, kuma kuɗinsu ya bambanta. Mafi araha shi ne na tsakiya wanda ba shi da taga ko ɗaya, ba ki sanin dare ko rana sai kin dubi agogo. Sai mai taga wadda ba ta buɗuwa, sai mai ɗan baranda. Ni a ganina, ga macen da ba ta son cuɗanya da maza, ƙarin kuɗin baranda ba asara ba ne, domin nan za ta zauna ta sha iska ta kalli teku ba tare da ta hau saman jirgi inda ake cincirindo ba. Mai saurin jiri da tashin zuciya ta roƙi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne girgiza ta fi sauƙi, ta kuma riƙe citta. Ki sani kuma, mai gyaran ɗaki sau da yawa namiji ne, yana da makulli. Akwai alamar da ake sa wa a ƙofa don kada a shigo, ki yi amfani da ita, ko maigida ya tsayar masa da lokacin zuwa.

Ga wani abu da zai ba wasunmu haushi: turaren wuta ba ya shiga jirgi. Kasko, garwashi, kyandir, dutsen guga, risho, duk an hana, kuma ana duba kaya da na'ura a ƙofar shiga, abin da aka gani a karɓe. Ba abin da masu jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Humra da turaren fesawa dai ba laifi. Kilishi da dambun nama ma a bar su a gida, ƙasashen Tarayyar Turai ba sa yarda matafiyi ya shigo musu da nama ko madara daga waje. Abin da zan ce lallai ki saka a jaka shi ne ƙaramar buta, saboda bayan gidan yawancin jiragen nan takarda kawai ake ajiyewa.

Ranar da aka shiga, kafin jirgi ya tashi ko yana tashi, dole kowane fasinja ya san inda zai tsaya idan an busa ƙahon haɗari, da yadda ake saka rigar da ke hana nitsewa. Kada ki ce ai maigida ya je, ya isa. Dokokin kare rayuka a teku sun samo asali ne bayan nitsewar Titanic a 1912, inda mutane sama da 1,500 suka halaka. A watan Janairun 2012 kuma jirgin Costa Concordia ya daki dutse a kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su nufa ba. Bayan wannan ne aka tsananta, aka ce a yi bayanin tun jirgi bai yi nisa ba.

Mai juna biyu ta ƙirga watanninta tun kafin a biya kuɗi. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar macen da cikinta zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba. Likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, kuɗinsa da tsada, shi ya sa ake yin inshorar lafiya ta tafiya. Inda mutane dubbai ke cin abinci wuri ɗaya, amai da gudawa ba sa wuyar yaɗuwa, saboda haka wanke hannu da sabulu ba abin wasa ba ne.

Sai maganar da na san tana ran kowaccenku, wato addini da mutunci. Gaskiya ɗaya ce: a yawancin jiragen nan ana sayar da giya a fili, akwai gidan caca, akwai wurin ninkaya inda maza da mata ke kwance da ɗan abin da bai kai a kira shi tufa ba. Ba wanda zai tilasta miki zuwa wuraren, amma sai kin ratsa wasu kafin ki kai wurin cin abinci. Naman alade yana cikin abincin, wani lokacin kuma ana zuba giya a miya. Ana iya neman abincin halal tun lokacin sayen tikiti, wasu kamfanonin suna tanada idan an sanar da su da wuri. In ba a samu ba, ga kifi, ga ƙwai, ga shinkafa da kayan lambu, a riƙa tambaya kafin a ɗiba. Saboda irin wannan damuwa ne Saudiyya ta kafa nata kamfanin mai suna Aroya, wanda jirginsa ya fara tashi daga Jidda a watan Disambar 2024, babu giya, babu caca, abinci na halal, da wurin salla. A bazarar 2025 ya koma yana tashi daga Istanbul. Salla a cikin jirgi kuwa malamai sun yi bayaninta tun da daɗewa: a fuskanci alƙibla, idan jirgi ya juya a gyara tsayuwa in da hali. Talabijin ɗin ɗaki yakan nuna inda jirgi ya dosa, wannan na taimakawa. Hukuncin ƙasaru dai a tambayi malam kafin a bar gida.

Kuɗin da ke jikin takardar talla ba shi ne ƙarshen kuɗi ba. Ya ƙunshi ɗaki da abinci na yau da kullum. Bai ƙunshi jirgin sama zuwa inda za a hau ba, da lemon kwalba, da wanki, da intanet, da yawon cikin gari. Akwai kuma tukuicin ma'aikata da ake rubuta wa kowane fasinja kullum, ko ya so ko bai so ba, abin da ya kama daga wajen dala 12 har zuwa 20 a kan mutum guda, ya danganta da kamfani. A cikin jirgi ba a taɓa tsabar kuɗi, kati ɗaya ake ba ki, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma na sayayya, sai ranar sauka a kawo lissafi. Nan ne ido ke raina fata, musamman in an sakar wa yara katin. Waya ma a rufe mata data idan an yi nisa da gaɓa, don ta tauraron ɗan Adam take bi, kuɗin ba kaɗan ba ne. Uwa-uba biza. Jirgin da zai tsaya Girka ko Italiya, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Turai, kuma idan zai fita zuwa Turkiyya ya dawo, sai wadda ake shiga da ita fiye da sau ɗaya. A bincika ta kowace ƙasa da jirgin zai taɓa. Wanda takardunsa ba su cika ba, a bakin ƙofa ake mayar da shi, kuɗinsa kuma ya tafi.

To, yanzu mu sauka gari. Na zaɓi Istanbul ta ƙasar Turkiyya, wadda tsofaffinmu ke kira Santambul, saboda tana cikin biranen da jiragen gabashin Bahar Rum ke tsayawa, kuma birni ne da mace Musulma za ta yi yawo da hijabinta ba mai kallonta sau biyu. Sunan ba baƙo ba ne a ƙasarmu, Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu wurin Sarkin Santambul Murad na uku a shekarun 1570. Yau mutanen birnin sun haura miliyan 15, duk da cewa Ankara ce hedkwatar ƙasar tun 1923. Wani ɓangarensa na nahiyar Turai, wani na Asiya, mashigin ruwan Bosforus mai tsawon kusan kilomita 30 ya raba su.

Jirgin da ya taso daga Girka yakan kwana yana tafiya, ya ratsa mashigin Dardanel da tekun Marmara, ya iso da safe. Wadda ta yi sallar asuba kada ta koma barci, ta fito baranda. Ƙubbobi da hasumiyoyi ne za su riƙa fitowa daga cikin hazo ɗaya bayan ɗaya, ganin da mai zuwa ta jirgin sama ba ya samu. Jirgi zai tsaya a tashar Galataport da aka buɗe a 2021, a tsakiyar gari. Wurin duba fasfo da kaya a ƙarƙashin ƙasa aka gina shi, sai ki bi ta ciki ki ɓullo kan titi.

A nan ne lissafi yake, ku saurara da kyau. A ce jirgi ya tsaya ƙarfe takwas na safe, zai tashi shida na yamma. A takarda awa goma ke nan. Amma kafin a ba da izinin fita, a bi layi, tara ta yi. Dole kuma kowa ya kasance a ciki rabin awa kafin tashi, wato biyar da rabi, mai hankali kuwa tun ƙarfe huɗu ya juyo. Saura awa bakwai. Cire azahar da la'asar, cire cin abinci, cire layin shiga wurare, wanda a lokacin bazara yakan ci awa guda a wuri ɗaya. Abin da ya rage bai wuce na ganin wuri uku a natse ba. Wasu jiragen kan kwana a Istanbul, wannan kam an yi sa'a. In ba haka ba, taura biyu ba ta taunuwa, tun a daren jiya za a zauna da maigida a zaɓa. A duba ranar ma: fadar Topkapi a rufe take ran Talata, babbar kasuwa a rufe ran Lahadi, ran Juma'a kuma manyan masallatai ba sa karɓar 'yan kallo sai an sauko.

Hanya biyu ce ta fita. Ko a sayi yawon da kamfanin jirgi ya shirya, da mota da ɗan jagora, ko a fita da ƙafar kai. Na kamfani ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ɗan jagora ba lallai ya tsaya muku lokacin salla ba, wani ma sai ya ɓata muku awa guda a shagon dardumar da yake da kamasho. Amfaninsa guda ne, amma babba: idan motar kamfani ta makara, jirgi zai jira ta. Wanda ya fita da kansa ya makara, ba mai jiransa. A Istanbul dai fita da kai ba ta da wuya ga mai ɗan Turanci ko Larabci, domin akwai jirgin ƙasa na kan titi da ke wucewa kusa da tashar, ya haye gadar Galata, ya ajiye ku a unguwar Sultanahmet, inda manyan wuraren suke kusa da juna. Ya fi tasi, don cunkoson motocin birnin ba ya shafarsa sosai. Sai dai ana matsuwa a ciki, a kula da jaka.

Ki fara da Aya Sofiya da sassafe. Sarkin Rumawa Justiniyan ne ya gina ta a matsayin coci, aka gama a shekarar 537, tun kafin haihuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam. Da Sarki Muhammad Alfatih ya ci birnin a ranar 29 ga Mayun 1453, yana ɗan shekara 21, sai ya mayar da ita masallaci. A 1934 gwamnatin Ataturk ta mai da ita gidan tarihi, a watan Yulin 2020 aka dawo da salla a ciki. Ƙubbarta ta kai mita 55 daga ƙasa, in kin ɗaga kai sai mayafi ya nemi zamewa. A bango akwai manyan faya-fayai guda takwas, kowane ya fi mita bakwai faɗi, ɗauke da sunan Allah, da na Annabi, da halifofi huɗu, da Hasan da Husaini. A sama kuma har yanzu ga zanen da Kiristoci suka bari. Tun Janairun 2024 baƙin da suka zo kallo ƙofarsu daban, suna biyan kuɗi, Yuro 25 aka fara karɓa, su hau bene. Mai zuwa salla ba a karɓar komai a hannunsa.

Kina fitowa, ki ratsa lambu, ga masallacin Sarki Ahmad yana fuskantarki, tafiyar 'yan mintoci. An fara gininsa a 1609, hasumiya shida gare shi, cikinsa an lulluɓe shi da fale-falen tangaran sama da 20,000 masu zanen furanni, yawanci shuɗi, shi ya sa Turawa ke ce masa shuɗin masallaci. Nan ya kamata azahar ta same ku. Akwai wurin alwala na mata da sashen mata daga baya, takalmi kuma a leda ake sakawa a riƙe. Abin da zai ɗan rikita ki shi ne alƙibla. Mu nan in an ce gabas an gama magana, amma a Istanbul Makka tana kudu ne, da ɗan karkata zuwa gabas. Ki bi sahu kawai.

Na uku shi ne wanda na fi so mu daɗe a kai, fadar Topkapi, tana bayan Aya Sofiya. Alfatih ne ya fara gina ta 'yan shekaru bayan cin birnin, sarakunan Usmaniyya suka zauna a ciki kusan shekara 400, aka mai da ita gidan tarihi a 1924. A ciki akwai ɗakin da ake ajiye kayan amana, waɗanda aka fara tarawa bayan Sarki Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517: mayafi da takubba da ake dangantawa ga Manzon Allah, da takubban sahabbai, da tsofaffin makullan Ka'aba. Ana karatun Alƙur'ani a wurin dare da rana ba yankewa. Layin yana da tsawo, kuma ba a bari a daɗe a tsaye, amma da wuya Musulma ta fito idonta a bushe.

Sai cikin gida, wanda suke kira haram, ɗakuna sama da 300 inda matan sarki da 'ya'yansa da kuyangi ke zaune cikin kulle, babanni na tsaron ƙofa, da yawansu an kawo su daga Afirka. Ba zan yi muku ado ba, yawancin matan nan bayi ne aka kawo su daga nesa, ba da son ransu ba. Amma mai mulkin gidan mace ce, uwar sarki, kuma daga bayan waɗannan katangu wasunsu suka yi aikin da har yau ake cin moriyarsa. Hurram, matar Sarki Sulaiman, ta gina asibiti a Istanbul da gidan ciyar da miskinai a birnin Ƙudus. Gidan wankan da za ki wuce tsakanin masallatan nan biyu ma nata ne. Babban masallacin da ke bakin gadar Galata, Safiya uwar Sarki Muhammad na uku ce ta aza harsashinsa a 1597, aikin ya tsaya shekaru da dama, sai wata uwar sarkin, Turhan Hadiza, ta kammala shi a 1665. Ta haɗa da kasuwa a gefensa domin kuɗin hayar shaguna ya riƙa kula da masallacin. Waƙafi ke nan, kuma dabara ce da matan da ke tara kuɗin adashi da na sana'ar cikin gida za su gane nan take.

Wannan kasuwar, wadda ake kira Kasuwar Masar, ita nake ba da shawara a ƙarasa da ita. Babbar kasuwar mai rufi tana da shaguna wajen 4,000 da layuka kusan 60, gwal da dardumai da fitilu, mai shiga ba ya sanin lokaci ya tafi, ɓata kuwa ba wuya. Ta Masar ƙarama ce, tana kan hanyar komawa jirgi, ga kayan ƙamshi, ga busassun 'ya'yan itace, ga alewar Turkiyya da sabulai, daidai tsaraba. Ana ciniki kamar a Kurmi, kada a biya farashin farko. Za a miƙo miki shayi a ɗan ƙaramin kofin gilas, shansa bai wajabta miki saye ba. Kuɗinsu lira ne, a canza kaɗan. Abincin rana ba sai an zauna a babban gidan abinci ba: ga burodi mai zobe da aka barbaɗe da riɗi, suna ce masa simit, ga gasasshen kifi cikin burodi a bakin gada.

Akwai wuri ɗaya da na san zuciyar da yawanku za ta fi karkata gare shi, kabarin Abu Ayyubal Ansari, sahabin da Annabi ya sauka a gidansa da ya isa Madina, wanda ya rasu a bakin ganuwar wannan birni. Yana unguwar Ayyub, can gefe, ba a kan layin sauran ba. Wadda ta ƙudura ziyararsa ta haƙura da fada ko da kasuwa. Haɗa su duka a yini ɗaya shi ne ke sa a yi tsere da jirgi.

Kada in manta da ƙafa. Istanbul gari ne mai tuddai, titunan tsohon gari da duwatsu aka shimfiɗa su. Mu da tafiyarmu ba ta wuce daga ɗaki zuwa madafa, yini guda a nan zai iya kwantar da mu kwana biyu. Tun saura wata guda a fara zagaya tsakar gida safe da yamma, a nemi takalmi maras tsini wanda ƙafa ta saba da shi. Hajiya mai ciwon gwiwa a rage mata wurare, ba abin kunya ba ne.

Kafin a fita da safe, ki ɗauki takardar da ake kawowa ɗaki kowane dare. A jikinta akwai lokacin dawowa da lambar wayar wakilin jirgi a wannan tashar. Ki riƙe taki a jakarki, da katinki, da ɗan kuɗi, kada komai ya zama yana aljihun maigida shi kaɗai, don in cunkoso ya raba ku ki san sunan jirginki da inda yake. A saita agogo da na jirgi. Turkiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma waya takan canza lokaci da kanta ba ki sani ba. Wanda jirgi ya bari, in fasfonsa na ciki, ma'aikata kan ɗauko su bar wa wakilin tashar, daga nan kuma kuɗin otal da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba duk daga aljihunsa, maganinsa da kayan sawarsa kuwa suna can sun yi gaba. Fasinjojin da ke saman jirgi har tafi suke yi wa masu zuwa a guje a minti na ƙarshe. Allah ya raba mu da wannan tafin.

Idan an dawo da wuri, an yi wanka an huta, sai a fito a ga tashi. Jirgi zai busa ƙaho, ya ja baya a hankali, ya wuce ƙarƙashin tudun da fadar take. Idan lokacin ya dace da magariba, kiran salla zai taso daga ɓangaren Turai da na Asiya gaba ɗaya, yana biyo ruwa har inda kike tsaye. Gobe da safe kuma wani garin ne, wataƙila Izmir, wataƙila wani tsibirin Girka, da nasa lokacin dawowar.

Lokaci ya yi mana halinsa, 'yan uwa. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko, ko ta ba yaro ya kawo, za mu karanta a fili na gaba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.